Kalmar da Magaji Bai Rubuta Ba

Na san abin da ake faɗa a kaina, a gidan nan da kuma gidan baffanku Alhaji Sani. Ana cewa tsufa ya taɓa ni, na zauna ina haddar yaren da ba shi da ƙasa ba shi da sarki, daga ƙarshe kuma na ɗauki jikata na bar wa Turawa. Wasunku sun ji sun yi shiru don kunya, wasunku kuma sun yarda. Ban ga laifinku ba, domin ban taɓa zaunar da ku na faɗa muku yadda aka yi ba. Ni ba mai zaunar da 'ya'ya ba ne, kuma wannan halin nawa yana cikin abin da ya jawo komai. Tun hannuna yana iya riƙe biro, bari in rubuta muku shekarar nan guda ɗaya yadda ta gudana, mai yi mini hukunci ya yi bayan ya karanta.

Yayanku Magaji ɗan fari ne, sunan mahaifina kuma aka sa masa, saboda haka kunya biyu ta hau kaina a kansa. Ban taɓa kiran sunansa na yanka ba, ban taɓa ɗaukarsa a gaban mutane ba, ban taɓa ce masa ya kyauta ba ko da ya kyauta ɗin. Haka aka rene mu, ni kuma na ƙara nawa a kai. Ranar da zai tafi ƙasar Hungari karatun aikin ruwa, abin da na ce masa a tasha shi ne ya riƙe salla, ya kula da takardunsa. A shekararsa ta huɗu a can ya bugo waya da maganar aure. Ba "zan yi" ya ce ba, "na yi" ya ce. An ɗaura a masallacin da suke salla, matar 'yar ƙasar ce, sunanta Ilona. Na san auren ya halatta. Ban yi shekara talatin da biyar ina koyarwa tsakanin Baure da Babban Mutum da nan Daura don in kasa sanin wannan ba. Abin da ya ƙona mini rai shi ne an gama magana ba a tambaye ni ba, ni da mutanen unguwa ke kawo wa shawarar auren 'ya'yansu. Na ce masa Allah ya ba da zaman lafiya, na kashe wayar, ban sake ɗaukar kiransa ba har shekara shida. Da aka haifa masa 'ya ya sa mata sunan innarku, suna kiranta Ummi, a bakin innarku na ji. Sau ɗaya ya zo gida a tsakanin nan, shi kaɗai, ya yi sati uku. Kullum da safe yakan durƙusa a zaure ya gaishe ni, in ce "lafiya lau" ina murɗa rediyo.

Farkon daminar shekarar da nake ba ku labari, wani abokin karatunsa ya bugo ya ce Magaji ya kwanta kwana tara, Allah ya yi masa rasuwa, an yi masa sutura a can. Ba zan tsaya a kan wannan ba, kuna nan, kun ga abin da kuka gani. Abin da ba ku gani ba shi ne ranar da baffanku ya dawo daga kasuwar dabbobi ta Mai'aduwa, bayan an share makoki, ya zarce zaurena ko ƙafa bai wanke ba.

"Yaya, yarinyar nan fa?"

"Tana wurin uwarta."

"Jininmu ce. Ubanta ya rasu, wa zai nuna mata alƙibla a can? A rubuta wa matar nan ta kawo mana abinmu, ko mu aika a ɗauko."

Na yi shiru, shi kuma ya ɗauki shirun a matsayin izini, kuma gaskiya izinin ne. Ilona ba ta jin Hausa, Turancinta ma bai wuce na gaisuwa ba, abokin nan na Magaji kuwa ya gama karatu ya bar ƙasar. Sai baffanku ya sa aka rubuta saƙo a waya, wayar ta juya shi zuwa yaren Hungari, aka aika. Allah kaɗai ya san da wace fuska maganar ta isa. Washegari amsa ta zo, kalma ɗaya tak: "Ne." Baffanku ya shigo yana murna yana nuna mini.

"Ka gani, Yaya? Ashe ta tsinci Hausa a bakin marigayi. Ta ce ne, wato haka ne. Ta yarda."

Ya sa aka share ɗaki a gidansa, aka shimfiɗa ƙaramar katifa. Sati ya wuce, wata ya wuce. Aka yi ta kira ba a ɗauka, aka yi ta aika saƙo ba amsa. Innarku, wadda a da duk Juma'a take ganin fuskar takwararta a wayar Hadiza, autarku, ta wayi gari ba ɗa ba jika. Ta daina cin abincin kirki. A nan na gane cewa abin da ke gabanmu ya wuce maganar a kawo yarinya ko kada a kawo. Muna dab da rasa ta gaba ɗaya, har muryarta.

Wata rana da hantsi ina zaune gindin darbejiyar tsakar gida, innarku ta fito da wani littafin rubutu mai shuɗin bango, irin na 'yan makaranta, ta ajiye mini a kan tabarma. A ƙasan kwallarta ta ɓoye shi shekara biyu.

"Malam, lokacin da yaron nan ya zo ya rubuta mini wannan. Ya ce yaren da suke yi a gidansu ne, shi da ita da yarinyar. Ba nata ba ne, ba namu ba ne, a kansa suka haɗu. Ni ba boko na iya ba. Ka karanta, ko ka mayar mini da abina."

Na buɗe. Rubutunsa ne, wanda ni na koya masa, har yadda yake lanƙwasa kan ƙ. Ga abin da ke shafin farko:

"Inna, wannan yare sunansa Esperanto. Wani likitan ido ne ya zauna ya ƙera shi tun da daɗewa, don mutanen da ba sa jin yaren juna su samu wurin haɗuwa. Ƙa'idodinsa goma sha shida ne kacal, kuma babu wadda ke da togaciya. In Baba ya huce, ki ba shi ya karanta miki."

Na rufe littafin na shiga ɗaki na daɗe. Na yi kukan da ban yi ba ranar da aka faɗa mini rasuwarsa. Da na fito na ce wa innarku gobe da hantsi za mu fara.

Wata uku muka yi a haka, ni da littafi, ita da ƙwaryar waken da take tsincewa. In karanta, ta maimaita, ta yi mini dariya. A matsayina na wanda ya ƙarar da ƙarfinsa yana fama da yara a kan jam'in Turanci, yaren nan har haushi ya ba ni don sauƙinsa. Duk sunan abu da o yake ƙarewa: domo gida, akvo ruwa, libro littafi, kapro akuya, bovo sa. Duk siffa da a take ƙarewa: bona mai kyau, granda babba, nova sabo. In abu ya fi ɗaya sai ka liƙa masa j a wutsiya, ana furta ta kamar y: domoj gidaje, kaproj awaki, grandaj bovoj manyan shanu. Shi ke nan, jam'i ya ƙare. Mu da muke cewa akuya awaki, sa shanu, sai ranar na tausaya wa baƙon da ke koyon Hausa. Mace kuma ba a nema mata kalma daban, haruffan "in" kawai ake cusawa kafin o ɗin ƙarshe: patro uba, patrino uwa, filo ɗa, filino 'ya, avo kaka namiji, avino kaka mace.

"Ashe su ma daga haƙarƙarin namiji suka ciro mace," in ji innarku.

Bakinmu ne ya fi ba mu wahala. Daga ni har ita babu mai iya raba p da f. Patro uba ne, frato ɗan'uwa, amma innarku duka biyun "faturo" take cewa. V kuma ta koma b, har yau ni "abo" ne a bakinta. Wasu haruffan suna da 'yar hula a ka, Magaji ya yi bayani a gefen shafi: ŝ ita ce sh ɗinmu, ĉ ita ce c ɗinmu, ĝ ita ce j ɗinmu. Shafin da ya fi ɗaure mini kai shi ne na wakilan suna, domin wanda ya ƙera yaren kamar da gayya ya yi wa Bahaushe. In kana nufin kanka, mi za ka ce. In kuwa ka ce ni, to "mu" ka ce. Ŝi, wadda ake furtawa shi, mace take nufi. Shi ɗinmu na namiji li ne. Vi ya haɗa kai da ke da ku. Kaj, da ake furtawa kai, ba mutum ba ne, "da" ce mai haɗa abu biyu. A ƙasan shafin ga kalma biyu a jere: jes, i, ne, a'a. Na tsaya na sake karantawa, amsar nan ta wayar baffanku ta faɗo mini a rai.

"Hajiya, matar nan ba yarda ta yi ba. A'a ta ce."

"Ni dai na san uwa ba ta ba da 'ya da kalma ɗaya," in ji innarku, ko ɗago kai daga ƙwaryar ba ta yi ba.

Aikatau wutsiya uku gare shi, su ne duka lokacinsa: as na yanzu, is na da, os na gaba. Mi manĝas ina ci, mi manĝis na ci, mi manĝos zan ci, kuma ba ruwansa da mai yin aikin, ko ni ko ita ko mu, wutsiyar ba ta canzawa. Wanda aikin ya faɗa wa n ake liƙa masa: bovo trinkas akvon, sa yana shan ruwa, haka mi ke komawa min, vi ya koma vin. In za ka yi tambayar da amsarta i ce ko a'a, sai ka fara da ĉu. Duk wannan na haddace shi kamar yadda nake sa yara su haddace, da ƙarfi, har maƙwabcinmu ya leƙo ta katanga ya tambaya ko ruƙiyya ake yi wa wani.

Sai shafi na sha ɗaya, wanda saboda shi nake wannan rubutun. A samansa Magaji ya rubuta: "Inna, mal kamar kifa ƙwarya ne. Duk kalmar da kika sa wa mal a gaba, ta koma akasinta." Ya raba shafin biyu da layi, ya jera. Bona mai kyau, malbona marar kyau. Granda babba, malgranda ƙarami. Nova sabo, malnova tsoho. Varma mai zafi, malvarma mai sanyi. Fermi rufewa, malfermi buɗewa. A layin ƙarshe ya rubuta "ami, so" a hagu. A dama babu komai sai ɗigon tawada inda bakin biro ya tsaya. Na ɗauka kiran salla ne ya tashe shi, ko innarku ta aike shi. Na wuce shafi na gaba.

Da aka fara yankan gero na ga na tara abin da zan iya buɗe baki da shi. Hadiza ta nuna mini inda ake dannawa a waya a yi magana a aika. Ba zan iya cewa ni ne uban wane ba, sunan ba ya fita a bakina ko a wane yare, sai na zagaya:

"Saluton, Ilona. Mi estas la avo de Ummi. Kiel vi fartas? Kiel fartas la infano?"

Wato sannu, ni ne kakan Ummi, yaya kike, yaya yarinya. Gaisuwar da ke littafin ke nan duka, babu ina gajiya babu yaya haƙuri, na ji kamar na shiga gidan makoki da takalmi. Kwana biyu shiru. A na uku, bayan la'asar, waya ta yi ƙara, irin kiran da ake ganin fuska. Na gyara hula, innarku ta matso gefena. Mace ce siririya, idonta ya faɗa, a bayanta yarinya tana leƙe, goshin Magaji sak. Na ɗauko takardar da na shirya na fara karantawa: mia nomo estas Habu, sunana Habu, mi loĝas en Daura, a Daura nake zaune. Sai na zo wurin faɗin aikina. Littafin Magaji ba shi da kalmar mai koyarwa, na duba shi daga bango zuwa bango. Na ce a raina, ai matar da ta zauna da ɗana shekara shida ba za ta rasa sanin wannan kalma ta Hausa ba. Na dafa ƙirji na ce:

"Mi estas malami."

Fuskarta ta canza. Ta faɗi wani abu da sauri ban kama ba, sannan ta maimaita a hankali, kalma bayan kalma:

"Ĉu vi malamas min?"

Na ji ĉu, na san tambaya ce. Na ji vi, na san da ni take. Na ji "malam" a tsakiya, na ɗauka tabbatarwa take ko ni ne Malam ɗin da take jin labari. Na yi murmushi, na gyaɗa kai, har da ƙarin bayani tunda na haddace ƙidaya:

"Jes, jes! Tridek kvin jaroj!"

Wato i, i, shekara talatin da biyar. Ta dube ni na ɗan lokaci, ta jawo yarinyar jikinta, ta ce "Mi komprenas," wato na gane. Fuskar ta ɓace. Na ce wa innarku ƙila sabis ne ya ɗauke.

"Malam, ba sabis ba ne, kuka za ta yi. Me ka ce mata?"

"Na ce mata ni malami ne."

Ta murza bakin zanenta.

"Ba kai ka ce mal kifa kalma yake ba?"

"Haka ne."

"To ami ɗin nan na ƙarshen shafi, me ka ce yake nufi?"

Na buɗe shafi na sha ɗaya na kalli wurin da babu komai. Ami, so. Malami, ƙi. Ĉu vi malamas min: kana ƙi na? Matar da mijinta bai cika wata biyar a ƙasa ba, wadda na ƙi ɗaukar wayar gidanta shekara shida, wadda ƙanena ya aika wa ta kawo 'yarta, ita ce ta tambaye ni ko ina ƙinta, na yi mata murmushi na ce i, i. Kuma ba kiran salla ne ya tashi Magaji daga layin nan ba. Ya zo zai rubuta ne ya ga sunan da ake kiran ubansa da shi, a kwanakin da uban ke amsa masa gaisuwa yana murɗa rediyo, sai ya ɗage biro. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, kuma kunyar ɗana na ji fiye da ta Ilona.

Innarku ta ce in sake danna wayar in ce kuskuren baki ne, shi ke nan. Na so in yi hakan. Amma da na zauna tsara abin da zan faɗa, sai wutsiyoyin nan uku suka tare ni. Da a Hausa ne sai in ce ai ba komai, abin ya wuce, a lulluɓe magana kowa ya tashi da mutuncinsa. Na iya wannan ƙwarai, da shi na sasanta gidaje da yawa a unguwar nan. Kalmomin da nake da su a yaren nan ba su kai na lulluɓi ba. Dole in zaɓi is, ko as, ko os. In na ce ban taɓa ƙinta ba na yi ƙarya, kuma ta san ƙarya ce. Kwana uku na yi a kan layukan da ba su kai goma ba.

A kwana na biyu baffanku ya zo da takarda. Ya gaji da jira, Hadiza kuma ta faɗa masa ma'anar "ne". Ya samu wani lauya da ya ce in kakan yarinya ya sa hannu ana iya nemanta ta hanyar hukuma.

"Sa hannu kawai za ka yi, Yaya, sauran ka bar mini."

"Alhaji, riƙon yarinya na uwarta ne, ka sani na sani."

"In ta tashi ba salla, wa Allah zai tambaya, ni ko kai?"

"Ni."

"To sa hannu."

"Ba zan sa ba. Ranar da takardar nan ta isa, ranar za mu daina jin muryarta har abada."

Ya naɗe takardarsa ya miƙe. Da ya kai bakin zaure ya juyo.

"Ka ƙi ɗanka yana raye, yanzu kuma ka yar da 'yarsa."

Rabin farko na maganarsa gaskiya ne. Washegari da hantsi na danna wayar na karanta abin da na rubuta. Na kwafe muku shi nan yadda yake, da kurakuransa in akwai:

"Pardonu min, Ilona. Malami estas haŭsa vorto. Malami havas librojn kaj infanojn en lernejo. Mi malamis. Mi ne malamas. Mi ne malamos. Mi amis mian filon. Mi ne diris tion al li. Ummi restos kun la patrino."

Ma'anarsa: ki gafarce ni, Ilona. Malami kalmar Hausa ce, malami shi ne mai littattafai da yara a makaranta. Na ƙi a da. Ba na ƙi yanzu. Ba zan ƙi ba nan gaba. Na so ɗana. Ban faɗa masa ba. Ummi za ta zauna tare da uwarta. Wannan layin na son ɗana, sau huɗu ina sakewa kafin murya ta ɗauke shi. Shekara talatin da wani abu yana duniya ban iya faɗinsa da Hausa ba, sai da yaren da na koya a wata uku, bayan babu shi. Innarku tana zaune tana ji, ta gane kowace kalma, ta ja mayafi ta rufe fuska.

Amsa ta zo washegari. Sau bakwai na saurara kafin in haɗa ta. Ta kira ni bopatro, ta bayyana cewa bo ɗin nan shi ne dangin aure, wato uban miji. Ta ba ni kalmar da na rasa: instruisto, mai koyarwa, ta ce da ita Magaji yake faɗa mata aikina, bai taɓa furta ɗayar ba. Sannan ta faɗi abin da ya ce mata ranar da ya koma daga Daura, da ta tambaye shi ko ubansa ya yi masa magana:

"Mia patro ne parolas, sed li legos."

Ubana ba ya magana, amma zai karanta. Da os ya faɗa, na gaba.

Ga abin da hakan ya ci mini, don kada ku ɗauka na sha da daɗi. Baffanku bai sake taka zaurena ba. Muna haɗuwa a masallacin Juma'a da wurin jana'iza, ya ba ni hannu yana kallon gefe, mu da muka tashi a tabarma ɗaya. Ina jin zafin wannan kullum. Kuma ban ce tsoronsa ƙarya ba ne, ni ma ina jin irinsa. Ummi ta haddace Fatiha a bakina ta waya, uwarta ce ma ke zaunar da ita, amma ban san yadda za ta tashi ba, kuma na amsa a gaban baffanku cewa ni za a tambaya. Ban taɓa riƙe hannunta ba. Ilona takan ce "ni venos", za mu zo. Farkon da na ji har na ɗauka ita kaɗai take nufi, sai na tuna "ni" ɗinsu "mu" yake nufi. Ko zan ga zuwan, Allah ne masani.

Abin da nake da shi shi ne la'asar ɗin kowace Juma'a. Innarku ta ci ado ta zauna, a kira avino, a kira avo, a nuna mana haƙorin da ya fita, mu nuna mata awaki ta ƙirga su. Wata rana muna cikin haka wani ya yi sallama daga waje yana kiran "Malam! Malam!" Yarinyar ta ɓata rai ta matso da fuskarta har hancinta ya cika wayar.

"Ne malam! Avo Ami!"

Tun daga ranar sunana ke nan a wurinta. In kun ji tana faɗa kada wanda ya gyara mata. Littafin mai shuɗin bango yana cikin akwatina, ƙarƙashin takardun gida. Bayan raina na Ummi ne, ku san yadda za ku yi ya isa hannunta. Wanda yake so ya koya kafin nan ya ɗauka ya karanta, wata uku ya ishe shi. Sai dai in kun kai shafi na sha ɗaya za ku ga layin ƙarshe ba a cike ba. Na san kalmar, ku ma yanzu kun san ta. Yayanku ya ɗage biro a wurin, ni ma ban cike ba, ku ma ku bar shi haka.